Ɗana yana ƙirga har ɗari, amma bai san wanne ya fi yawa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa huɗu da rabi, yana ƙirga ɗaya har ɗari ba gargada. Amma da na raba musu gyaɗa bakwai-bakwai shi da yayarsa, ita ta baza tata a faranti, sai ya fashe da kuka wai tata ta fi yawa. Ya ƙirga da kansa, bai daina kukan ba. Malamarsu ta ce a sa shi lesin. Ko ƙwaƙwalwarsa ce ke da matsala? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, yaron nan lafiyarsa ƙalau. Tun tuni masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya nuna cewa a wannan shekarun ido ne alƙalin yaro: abin da ya fi cin wuri shi ne mai yawa. Galibi sai wajen shekara 6 zuwa 7 yake yarda cewa baza abu ba ya ƙara shi.

Ƙirgan ɗarin nan kuwa shi ne abin da ke ba ni takaici kullum. Iyaye sun ɗauka yaron da ya rero lambobi ya san lissafi, wasu makarantun kuɗi kuma sun gano nan ne kasuwa. A tsayar da ɗan shekara uku ranar taron yaye ɗalibai ya zuba ƙirga, a tafa, uba ya biya kuɗin zango yana murmushi. Ki ce wa yaron nan ya miƙo miki cokali shida, sai ya kwaso abin da hannunsa ya ɗauka. Hadda ce kawai. Bai san cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce adadin kayan gaba ɗaya ba. In ya isa aji uku aka zo raba lamba ya kasa, sai a ce daƙiƙi ne, a hau shi da bulala, wata ma ta saya masa maganin ƙara basira a hannun masu lasifika a tasha. Lesin ɗin da malamar ke magana, in dai cika shafi ne da 1 zuwa 100, riƙe kuɗinki.

Aikin yana madafinki. Kafin ki auna shinkafa, tambaye shi: gwangwani nawa kake ganin zai cika kwanon nan? In ya ce ashirin kada ki yi dariya, ce masa to mu gwada, shi zai zuba. Gobe zai matso kusa. Taku nawa ne daga ƙofar ɗaki zuwa randa? Ya fara canka, sannan ya taka.

Wajen kwatanta yawa, fara da tazara babba, biyar da goma, kafin shida da bakwai. Rigimar gyaɗa kuma, ba shi rabon ya yi: ɗaya tawa, ɗaya taki, a jera su daura da juna, sannan shi ya baza da hannunsa ya sake jerawa. In akwai mai rarrafe a gidan, a yi da lemo, kada ya shaƙe da gyaɗa.

In ya kai shekara bakwai bai iya bambance uku da takwas ba, a fara duba idonsa da jinsa wurin likitan yara.