Yadda Ake Tsara Ajandar Zaman Hukumar Daraktoci

Tambaya: Ni sakatare ne a wani ƙaramin kamfanin sarrafa shinkafa. Daraktocinmu kan zauna tun hantsi har la'asar, amma a tashi ba a yanke shawara a kan abin da ya tara mu ba. Shugaba ya ce laifin ajandata ne. Yaya zan gyara?

Amsa: Malam sakatare, shugabanku yana da gaskiya, amma shi ma yana da nasa kason laifin, domin ajanda aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin shugaba da sakatare da manajan darakta, kuma shugaba ne yake da ta cewa a ƙarshe.

Babban abin da ke kashe zama shi ne a rubuta kan magana kawai ba tare da an faɗi abin da ake so a yi da ita ba. Idan ka rubuta "Batun injin casa", kowane darakta zai zo da nasa labarin, wani ya koka da tsadar man dizal, wani ya tuno kanikancin da aka yi bara, har lokaci ya ƙure. Amma idan ka rubuta "Amincewa da sayen sabon injin casa daga ɗaya cikin 'yan kasuwa uku da suka kawo farashi, minti 30, manajan darakta ne zai gabatar", to ka nuna inda maganar za ta tsaya. Saboda haka a gaban kowane batu ka bayyana ko na yanke shawara ne, ko na tattaunawa, ko kuwa sanarwa ce kawai.

Sai kuma jeri. Bayan addu'a da tabbatar da cewa adadin mahalarta ya kai wanda ake buƙata kafin a yi zama, a tambayi ko akwai daraktan da yake da wata moriya a cikin batutuwan ranar, sannan a amince da bayanan zaman da ya gabata a taƙaice, tunda an riga an aika wa kowa ya karanta. Daga nan a shiga batu mafi nauyi yayin da hankula suke tare. Na sha ganin an ɓata sa'a guda a kan kuɗin abincin taro, sannan a amince da rancen banki cikin minti biyar saboda ladan ya kira salla, kowa ya fara haɗa takardunsa.

Game da lokacin aika wa daraktoci ajanda, dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, wato CAMA, ta tanadi sanarwar kwana 14 a rubuce kafin zaman daraktoci, sai dai idan ƙa'idojin kamfaninku sun tsara wani abu dabam. Ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta 2018 kuma ta ba da shawarar a zauna aƙalla sau ɗaya duk wata uku, wanda ke ba ka damar shata shekarar tun farko, ka san zaman kasafin kuɗi da na duba rahoton masu binciken asusu. Ka haɗa ajandar da takardun da za a dogara da su, domin daraktan da ya fara ganin lissafi a kan teburin taro karatu zai tsaya yi maimakon ba da shawara.

Shi kuwa "sauran batutuwa", wato gurbin ƙarshen ajanda da ake kawo abin da ba a rubuta ba, a ganina kada a yanke shawarar kashe kuɗi a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya kawo magana mai nauyi a wannan gaɓa, ka rubuta ta, ka gaya masa za ta shiga ajandar zama na gaba tare da takardunta.