Amsa: zazzaɓin yaro ya ƙi sauka, gwiwa ta kumbura

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce ɗanki mai shekara 7 ya yi sati uku yana zazzaɓi a Tawa, gwajin maleriya bai nuna komai ba, ga gwiwa ta kumbura.

Akwai wani ciwon gaɓoɓi na yara ƴan ƙasa da shekara 16 da garkuwar jiki kan tayar. Zazzaɓinsa kan haura 39 da yamma, da safe yaro ya tashi garau. Jajayen tabo kan fito tare da zafin su ɓace, a baƙar fata ba sa fitowa sosai, ki duba cinya da ƙirji da tocila. Ki riƙa rubuta zafin safe da yamma.

Babu gwaji guda da ke tabbatar da shi. Sai likita ya kore taifot, tarin fuka, sikila da sankarar jini, ya auna feritin, wani sinadari a jini da kan ƙaru in akwai kumburi a jiki. Ki nemi a tura ku wajen likitan yara, ko da Yamai ne.

Don Allah kada ki sayi kortizon, maganin rage kumburi, wajen masu talla: yana ɓoye sankarar jini. Bayan an kore ta, likita kan iya farawa da ibuprofen ko prednizolon, wanda shi ma nau'in kortizon ne. In zafin ya daina sauka, yaron ya yi laushi ko dasashi na jini, ku tafi asibiti a daren.