Ƙarfen da ruwa ke ƙara wa wuta

Kai yaro, wai me ya sa na fizge guntun ƙarfen nan daga hannunka jiya, alhali fari ne kamar sauran? Ba alminiyon ba ne, magniziyam ne, kuma har yau in na gan shi sai raina ya ɓaci.

Ina sabon buɗe maƙera a Tudun Wada nan Gusau, wani ɗan gwangwan ya kawo mini buhu biyu na fasassun kayan inji, ya rantse alminiyon ne zalla. Ashe ya farfasa gangar injin motar Volkswagen Beetle, wadda ta magniziyam ce, ya cusa a ciki. Na ɗaga na ji ba nauyi, amma araha ta rufe mini ido. Kuɗin wata hajiya ne fa, na tukwanen biki 12.

Magniziyam yana narkewa a digiri 650, alminiyon a 660, don haka ban ga alamar komai ba. Kwatsam saman narkin ya kama da wani farin haske mai kashe ido kamar na walda. Mai yi mini zuga ya kwara bokitin ruwa. Wallahi kamar fetur ya zuba! Zafin wutar nan yana kaiwa digiri 3,000, ƙarfen ya ƙwace oksijin ɗin da ke cikin ruwan, ya saki iskar haidurojin, ita kuma ta tashi da ƙara. Rumfa ta cinye ƙurmus, sai farar toka a ƙasa. Kwana uku idona yana zuba kamar an watsa mini yashi. Babur ɗina na sayar na biya hajiya. Mutumin kuwa har yau muna haɗuwa a kasuwa, bai taɓa ce mini yi haƙuri ba.

Ku yaran yanzu hannu na kan aiki, ido na kan waya, yaushe za ku ji cewa magniziyam ya gaza alminiyon nauyi da kashi ɗaya cikin uku? In ka yi shakka, ka goga zarto, ka ɗiga lemun tsami. Magniziyam zai yi kumfa, alminiyon ko gezau. In ya kama, busasshen yashi za ka rufe shi da shi, ka kau da ido. Tulun kashe gobara mai iskar kabon ma ba ya kashe shi, a cikinta ma ci yake.

Gobe ka zo da lemun tsami. Buhun nan na bayan ƙofa, guntu-guntu za ka gwada shi.