Tan ɗaya na man gas lita nawa ne?

Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka ce dillali ya yi maka tayin man gas tan 30 don injin casar shinkafarka, kai kuma da lita ka saba saye, kana so a faɗa maka lita nawa ke cikin tan ɗaya. Na daɗe ina riƙe da sito a wata masana'anta, ni ke karɓar tanka ina sa hannu, to bari in faɗa maka yadda muke yi.

Idan lissafin tsaye kake so, ka ɗauka lita 1 ta gas tana da nauyin kilo 0.84. Ka raba 1,000 da 0.84, zai ba ka lita 1,190 a tan ɗaya. Tan 30 ke nan lita 35,700. In kuma daga lita za ka koma kilo, sai ka ninka: jarka mai lita 25 kilo 21 ce, duro mai lita 200 kilo 168, tanka mai lita 33,000 kuwa tan 27.7.

Amma kada ka biya kuɗi a kan wannan 0.84 ɗin. Gas ba nauyinsa ɗaya ba, wani yakan zo 0.82, wani 0.86. Mai 0.82 zai ba ka lita 1,220 a tan, mai 0.86 kuwa 1,163. Bambancin lita 57 ne, ka ga kamar ba komai, amma a tan 30 ya haura lita 1,700, wato fiye da duro takwas. Saboda haka ka ce dillalin ya nuna maka takardar gwajin man daga daffo, nauyin yana rubuce a ciki. Wanda ya fara kame-kame a nan, ni dai ba na ci gaba da ciniki da shi.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ta taɓa haɗa ni faɗa da direba. Nauyin da ke takarda an auna shi ne a kan zafin digiri 15, mu kuwa ina muka ga 15 in ba da asubahin hunturu ba? Mai yana kumbura in ya ji zafi, ya tsuke in ya huce. A tanka mai lita 33,000, saukar digiri 10 kawai tana rage kusan lita 270 a sandar awo, alhali nauyin bai ragu da ko kilo ɗaya ba. Wata shekara an yi mana lodi a Legas da rana tsaka, motar ta kwana uku a hanya, na zura sanda da sassafe cikin sanyi na ga giɓi. Na rantse an sha man, direba ya rantse bai taɓa ba, ga hatimi kuma lafiya lau. Da muka hau sikeli, muka cire nauyin motar bayan an sauke, sai ga lissafi ya yi daidai. Haƙuri na ba shi, har da kuɗin shayi.

Tun daga nan na sayi ma'aunin nauyin mai, ɗan gilashin nan da ake tsomawa ya yi iyo, da ma'aunin zafi. Ba su da tsada. Suna kuma tona asirin masu algus, domin kananzir bai kai gas nauyi ba, yana wajen 0.80. In takarda ta ce 0.85 gilashi ya nuna maka 0.82, zafi kaɗai ba zai kawo wannan tazara ba, a dakata da saukewa.

Tunda da tan ya yi maka farashi, ku rubuta cewa da sikeli za ka karɓa: a auna motar da kaya, a sake aunawa bayan an sauke, kuma kana tsaye a wajen. Ka leƙa kowane ɗaki na tankar kafin awo na biyu, don wasu sukan bar saura a ƙasa. In babu sikelin mota kusa da ku, to ku mayar da cinikin lita tun yanzu da nauyin da ke takardar daffo.