Awa 15 a sama kuma ban taɓa hawa jirgi ba, likita ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne anan Gombe, ina da shagon kayan sola da batura, shekarana 31. In Allah Ya yarda wata mai zuwa zan je Chana sayen kaya da kaina karo na farko, kuma wlh ko jirgin Lawanti, filin jirginmu na Gombe, zuwa Abuja ban taɓa hawa ba, iyakata Gombe Line. Ejan ɗina yace Abuja zuwa Adis Ababa kusan awa 5 ne, a jira a can, sannan awa 10 da wani abu zuwa Gwanzu. Wani abokina da ya saba zuwa yace kar in sha ruwa tun daga gida saboda fitsari, in nemi kujeran taga, in haɗiyi maganin barci sai dai kawai in farka a can. Shin shawaran nan daidai ne? Kuma ina yawan mura ance kunne na iya fashewa. Sannan ya batun salla? Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah Ya sa a je a sa'a a dawo da riba. Abokin nan naka na san don ƙauna ya faɗa, amma abu ukun da ya lissafa maka in ka haɗa su waje ɗaya su ne ainihin abin da muke hana matafiya. Ba ruwa, ga ka a maƙale a lungu, ga barcin da ba motsi. In dai so ake jini ya daskare wa mutum a ƙafa toh hanyar kenan ya shimfiɗa maka.

Bari in fara da iskar cikin jirgin don daga nan komai ya taso. Jirgin yana tafiya ne a wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, a can ba mai iya numfashi, na'ura ce ke matso iska tana cika muku ciki, amma ba a matsa ta ta kai irin wadda ka saba shaƙa a Gombe ba, ana barin ta kamar kana kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Jos da muke cewa tana sama ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, Mambila wajen 1,600, kaga kenan kana zaune a kujera amma jikinka ji yake an ɗora shi sama da Mambila. Oksijin ɗin jini yana ɗan sauka, mai lafiya ba abin da zai same shi sai kasala da ɗan nauyin kai. Babbar matsalar bushewa ce. Laimar iskar jirgi sau da yawa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, wato ka tuna hunturun watan Janairu lokacin da leɓe ke tsagewa hanci na jini, toh a cikin irin wannan za ka zauna awa 15, sai kuma wani ya ce kar ka sha ruwa? Haba. Ka sha, kamar kofi ɗaya duk awa in kana farke. Ruwan kyauta ne, kuɗinsa na cikin tikitinka, haka abincin, ina faɗa ne don na ga wanda ya ƙi karɓar tire har sau biyu yana zaton za a kawo masa bil. Ka sa ɗan man kaɗanya ko Vaseline a aljihu saboda leɓe da bakin hanci. Shayi ko gahawa kuwa kofi ɗaya ya isa.

Yanzu maganar ƙafa, nan zan ɗan daɗe. Jinin da ya sauka ƙafa ba shi da famfon kansa, tsokar sha-raɓa ce ke matsa shi ya koma sama duk lokacin da ka taka. Ka zauna gwiwa a lanƙwashe awa da awanni sai jinin ya kwanta a jijiyoyin ciki, wani lokaci ya dunƙule ya zama guda, gudan nan kuma in ya ɓalle huhu yake nufa, shi ne za ka ji an ce wane ya sauka lafiya lau bayan kwana biyu ya yanke jiki ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa haɗarin yana ninkawa biyu in zaman tafiya ya kai awa 4 ko fiye, kuma ba jirgi kaɗai ba har mota, amma kar ka tsorata, a lissafinsu kusan mutum 1 ne cikin 6,000. Waɗanda muka fi ji wa su ne mai ƙiba sosai, mai ciki ko mai jego, matar da ke shan ƙwayar tsarin iyali, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai ciwon daji, da wanda abin ya taɓa samu. Irin waɗannan su ga likita kafin tafiya, akwai doguwar safa mai matse ƙafa da ake sawa. Kar kowa ya sha asfirin da kansa wai yana tsinka jini.

A hanyar Abuja direba na tsayawa a Alkaleri ko Jos a yi salla a kama ruwa a miƙe ƙafa, kowa ya sauka ba wanda ya roƙi wani. A jirgi ba mai tsaya maka, kai za ka ba kanka hutun, kuma a nan ne kunya ke cutar mutanenmu. Ni kaina da nake maka wannan bayanin, tafiyata ta farko zuwa Indiya wani kwas, ina likita fa, na zauna a taga, wani dattijo da matarsa a gefena suka yi barci, matar har ta jingina kai a kafaɗarsa, na kasa buɗe baki in ce su ba ni hanya. Awa bakwai ban motsa ba, mara kamar za ta fashe, ruwan da aka miƙo min ma na ƙi karɓa. Na cire sau-ciki na tura ƙarƙashin kujera, da muka sauka ƙafa ta kumbura takalmi ya ce bai san zancen ba, haka na take dunduniyarsa na riƙa jan ƙafa har layin duba fasfo. Tun daga ranar ban ƙara zaman taga a doguwar tafiya ba. Ka ce wa ejan ɗinka kujerar bakin hanya kake so, tun yanzu, kar ka bari sai ranar. Duk awa ɗaya zuwa biyu in fitilar ɗaura bel a kashe take ka tashi ka taka zuwa bayan jirgi ka dawo, ba mai kallonka wlh, kowa ta kansa yake. In kana zaune ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa kamar mai taka keken ɗinki. In taga ce ta faɗo maka toh ka taɓa na kusa da kai ka nuna hanya da hannu, ko ba ku jin yaren juna zai gane.

Kumburin ƙafa biyu bayan sauka ba komai ba ne, yana sacewa da kansa. Amma ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na ciwo da zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa da ciwon ƙirji, ko da bayan sati biyu ne ko uku, wannan asibiti kai tsaye, kuma ka faɗa musu ka yi doguwar tafiya. Ban da tausa, ban da man zafi.

Maganin barci kuwa a'a. Yana kwantar da kai a lanƙwashe ba juyi, kuma ba ka taɓa sha ba ba ka san yadda zai yi da kai ba, kar ka je kana layi a Adis Ababa kana tangaɗi ka hau ƙofar da ba taka ba.

Banɗakin jirgi tunda shi ne abin tsoron: in alamar ƙofa kore ce ba kowa, ka tura tsakiyarta tana naɗewa, ka ja sakata sai fitila ta ƙara haske. In ka danna abin kora zai yi wata ƙara kamar zai zuƙe ka, iska ce kawai, ba ya zuƙe kowa. Ba buta a ciki, don haka ka shiga da ƙaramar gorar roba, fanko za ka wuce da ita wajen bincike don ba a barin ruwa ko turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, in ka shiga sai ka cika. Don Allah kar a jiƙa musu ƙasa, wajen ba shi da magudana kuma mutum ɗari biyu da wani abu ke amfani da shi.

Kunne ba kasafai yake fashewa ba amma yana ciwo na gaske, musamman wajen sauka. Akwai 'yar siririyar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro da ke daidaita iska, mura na toshe ta. Da ka ji jirgi ya fara gangarowa, kamar minti 30 kafin sauka, ka fara tauna cingam ko tsotsar alewa, kana haɗiyar yawu kana hamma, in ya toshe ka toshe hanci ka rufe baki ka hura a hankali, a hankali fa, za ka ji ya yi ɗas. Kar saukar ta same ka kana barci. Kai mai yawan mura, in ta kama ka ana gobe tafiya ka je a rubuta maka maganin fesawa a hanci, ka fesa kafin tashi da kafin sauka, kuma ka tuna sauka biyu gare ka ko uku in ka hau na Lawanti. Wannan dokar iskar ita ce ke kumbura ciki ma, iskar hanji tana ƙaruwa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka ƙosai da alala da ɗanwake da lemon kwalba a ɗaga musu ƙafa ranar, don kanka da kuma maƙwabcinka.

Ba ka faɗa min rukunin jininka ba. Mai AS yawanci ba ya samun matsala, amma mai sikila wato SS dole ya zauna da likitansa tukuna, ƙarancin oksijin da bushewa da sanyi duk suna tayar da ciwon, kuma Adis Ababa kanta tana sama da mita 2,300, ko a filin jirgin in ka yi sauri za ka ji haki. Akwai sanyi ma da dare, ka riƙe rigar sanyi a hannu.

Gargada za a yi, kamar mota a kan burji, an ƙera jirgin ya jure fiye da haka. Masu jin rauni su ne waɗanda ba su ɗaura bel ba, kamar jirgin Landan zuwa Singafo a watan Mayun 2024 da mutane suka bugi rufi. In dai kana zaune bel na jikinka ko da sako-sako.

Salla kuma ni ba malami ba ne, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama da yin ta a zaune kafin ka tafi. Abin da zan ƙara maka na lura ne: lokacin salla rana yake bi ba agogon hannunka ba. Jirgin Gwanzu yawanci tsakar dare yake barin Adis Ababa kuma gabas ya nufa, kuna tarar rana ne, sai dare ya gajarce, asuba ta riske ku bayan 'yan awanni alhali an rufe tagogi an kashe fitilu kowa na minshari. Ka yi alwala mai kyau a ƙasa kafin shiga, sannan ka riƙa duba taswirar da ke allon gabanka. Abinci kuma ka sa ejan ya nema maka na Musulmi tun kwana biyu kafin tafiya, a tikiti ana rubuta shi MOML.

Sai wahalar da ba a cika faɗa wa mutum ba, ta bayan sauka. Chana na gaban mu da awa 7. Ƙarfe 10 na dare a Gwanzu jikinka ƙarfe 3 na rana yake gani, ido ƙyar, ƙarfe 7 na safe kuma da za ka fita kasuwa shi a wajensa sha biyun dare ne. Jiki na gyara kusan awa ɗaya ne a kwana, kuma zuwa gabas ya fi dawowa wuya, so kwana huɗu biyar na farko sai haƙuri. Ka fita cikin hasken rana daga hantsi zuwa la'asar, ka ci abinci a lokacinsu, in barcin rana ya kama ka kar ya wuce minti 30. Kuma shawarar da ba ta likitanci ba, ranar farko ka zaga ka ga kaya kawai, kar ka biya kuɗin kwantena da kan da bai yi barci ba, sifili ɗaya in ya ɓace maka a kalkuleta ba ni zan biya ba.

Fasfo, katin rigakafin shawara, magungunanka a kwalinsu na asali da takardar likita, fawa bank, da kaya kala ɗaya duk a jakar hannu, fawa bank ba a yarda ya shiga babbar jaka ba sam. Kar ka ɗauki tiramol ko kodin ko da na ciwon baya ne, kar kuma ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da ya haɗa ka da Allah da Annabi, dokar ƙwaya a Chana har kisa tana kaiwa. Nama ma ba a shiga da shi ƙasar, kilishin da na san Hajiya za ta ƙulle maka a jarida ka cinye abinka tun a Abuja, ka bi shi da ruwa.