Tambaya da Amsa: Me Nas Take Latsawa a Gefen Gadon Mara Lafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi jinyar mahaifiyata kwana tara a wani asibiti a nan Gombe, kuma na lura cewa duk lokacin da nas ta gama auna ta, sai ta ciro wata na'ura mai kama da babbar waya ta shiga latse-latse, maimakon ta rubuta a fayil kamar yadda muka saba gani. Raina ya ɓaci, domin na ɗauka hira take yi alhali Hajiya tana kwance tana nishi. Shin wannan yana cikin aikinsu? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya ba ki ladan jinya. Tun da latsawar tana biyo bayan awo ne a kowane zuwa, alamu sun nuna sakamakon awon take shigarwa: zafin jiki, hawan jini, bugun zuciya, yawan numfashi, da iskar da ke cikin jini, wadda ake aunawa da ɗan abin nan mai jan haske da ake maƙala wa yatsa.

Amfanin na'urar ya wuce sauƙaƙa rubutu. Mara lafiya ba kasafai yake rikicewa farat ɗaya ba. Sau da yawa jikinsa yakan yi sa'o'i yana nuna alama, bugun zuciya ya haura 100 a minti, numfashi ya wuce 20, hawan jini ya riƙa sauka a hankali. A takarda, lambobin nan suna iya kwana a ƙarshen gado ba wanda ya haɗa su ya ga inda suka dosa, sai likita ya zo zagayen safe. A Ingila an fito da wani tsari a 2012 wanda ke bai wa kowane awo maki, har da yanayin hayyacin majinyaci, ta yadda idan jimilla ta kai 5 za a nemo likita da gaggawa, idan kuwa ta kai 7 an shiga halin ko-ta-kwana. Manhajar da aka gina a kan irin wannan tsari ita ke yin lissafin nan take, ta rubuta lokacin awo, ta tuna wa nas sa'ar da za ta dawo, wani lokaci ma ta aika wa likita saƙo yana wani ɗakin.

Sai dai na'ura abin da aka ba ta shi take karɓa. Ƙidayar numfashi tana buƙatar nas ta tsaya ta zuba wa ƙirjin majinyaci ido na cikakken minti guda, kuma a ganina nan ne aka fi yin kintace, musamman da dare idan gadaje sun yi wa ma'aikaciya ɗaya yawa. Ga kuma matsalar wuta da caji da sabis, shi ya sa asibitin da ya san abin da yake yi ba ya jefar da takarda gaba ɗaya.

Game da sirri, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙarfafa hakan. Idan kika ga ana ɗaukar hoton Hajiya ko na fayil ɗinta da wayar wani ba tare da izini ba, ki kai maganar ga shugabar nas-nas ta ɗakin.

Idan kuka koma asibiti, babu laifi ki tambaya cikin ladabi, ki ce, "Sista, yaya awon Hajiya yau?" Ki kuma gaya mata abin da ke kaɗai kika gani, kamar raguwar fitsari, ƙin abinci ko sambatu cikin dare, domin ta shigar da shi tare da awon.