Amsar Baffa kan sunan kakan matarka Bajamushe

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, na bari ne sai na zauna sosai dan ba maganar da za a amsa a tsaitsaye bace. Allah ya sauki iyalinka lafiya.

Kace kakar matarka ta kira ku ta miƙa muku tsohon Baibul na gidansu mai jerin sunaye a shafin farko, ta roƙi in namiji aka samu a saka masa sunan kakansu na farko da ya zo jihar Ohio ta Amurka daga yankin Württemberg na Jamus a shekarun 1850. Abu biyu suka ɗaure maka kai, mutumin da ƙannensa maza duk Johann aka rubuta musu, sannan kana so ka san ko amsa mata ya saɓa wa al'adarmu.

Toh maganar Johann ɗin ba kuskuren marubuci bane. A ƙauyukan Jamus na wancan zamani ranar da aka yi wa yaro baftisma suna biyu ake ba shi, na farko na addini ne, maza yawanci Johann, mata Anna ko Maria, na biyun kuma shi ne wanda ake kiransa da shi a gida da gona da kasuwa, su suna ce masa Rufname. Sai ka tarar gida guda akwai Johann Georg da Johann Peter da Johann Michael kuma babu mai rikicewa dan babu wanda ke amsa Johann. Ka dai san gidajenmu da ake da Muhammadu Auwal da Muhammadu Sani da Muhammadu Salisu, to haka abin yake. Sau da yawa sunan na biyu na wanda ya tsaya wa yaron a coci ne, ɗan'uwa ko maƙwabci na kusa. Dan haka ka koma ka tambayi tsohuwar wanne take nufi, ina da yaƙinin na biyun ne.

Amma abin da nafi so ka gane shi ne dalilin da yasa ta damu haka, dan in baka san abin da ya faru da mutanen nan ba zaka ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Kudu maso yammacin Jamus, Württemberg da Baden da Pfalz, al'adarsu raba gona ake yi tsakanin 'ya'ya duka, kowace tsara gonar sai ƙara tsukewa take har ta kai magidanci yana da ɗan tsiri da ba zai ci da iyali ba, ga shi daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin turawa wanda shi ne abincin talaka, yunwa ta biyo, sai kuma boren 1848 da aka murƙushe. Cikin shekarun 1850 kaɗai Jamusawa kusan miliyan ɗaya suka tsallaka Amurka, a 1854 sun haura 200,000. Mutum ya sayar da saniyarsa da ɗan filinsa, ya shiga ƙasan jirgin ruwa mai tafiya da iska sati shida ko fiye a cunkushe, ya san uwarsa ba zai sake ganinta ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina yayi sanyi.

Da suka isa basu watsar da nasu ba. Cincinnati da Milwaukee da St. Louis suka zama kamar garuruwan Jamus, jaridu da Jamusanci, makaranta da Jamusanci, wa'azin coci da Jamusanci, har jikoki suna ji. Sai 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, dare ɗaya harshen ya zama abin tsoro. Gwamnan Iowa a 1918 ya hana magana da baƙon harshe a bainar jama'a har a wayar tarho, Nebraska ta yi doka a 1919 ta hana koyar da shi ga ƙananan yara, a Cincinnati ɗin ma titin Bremen aka mayar da shi Republic. Kotun ƙoli ta soke dokar Nebraska a 1923 amma aikin gama ya gama, iyaye sun riga sun daina yi wa 'ya'yansu Jamusanci. Gidaje da yawa Müller ya koma Miller, Schmidt ya koma Smith. Kaga kenan tsohuwar nan harshe ya kuɓuce mata, ƙila ko rubutun cikin littafin bata iya karantawa, sunan nan ne kawai ya rage a hannunta, shi ta ɗauko ta kawo maka. Ni a ganina girmamawa ce babba, ba kowane suruki ake miƙa wa wannan ba.

Yanzu batun namu. Raɗa suna haƙƙin uba ne, wannan babu ja. Kayi masa huɗuba, ranar bakwai a yanka rago a raɗa masa sunan Musulunci, kuma ka san mahaifiyarka sunan marigayi mahaifinka take jira, kar ka hana ta. Amma can ƙasar takardar haihuwa tana da gurbin sunan tsakiya, nan zaka saka nasu, babu wanda aka tauye. In ma Johann ɗin take so ai an huta, sunan Annabi Yahaya ne a bakinsu. In na biyun ne ka nemi ma'anarsa ka kai wa limaminku, abin da addini ya hana shi ne suna mai mummunar ma'ana ko mai bauta wa wanin Allah.

Inda za a iya samun saɓani shi ne alkunya. Mu in yaro ya ci sunan kaka sai a sakaya a ce Abba ko Baba, su kuwa girmamawar ita ce a faɗi sunan ɓaro ɓaro a gaban kowa. Ka shirya matarka tun yanzu, ta san ba a kiran sunan surukinta a gaban mahaifiyarka.

In kuna son bin diddigin mutumin, sunan ƙauyensa zaku fara nema, dan Jamus bata zama ƙasa ɗaya ba sai 1871 kuma rajistar haihuwa ta gwamnati bata game ko'ina ba sai 1876, kafin nan akasari abin yana littafin cocin ƙauye ne cikin wani tsohon rubutu da ake kira Kurrent wanda Jamusawan yau ma kaɗan ke iya karantawa. Kar ku ɓata lokaci kan Ellis Island, tashar tantance baƙi masu shiga Amurka ta New York, 1892 aka buɗe ta, kafin nan tashar ita ce Castle Garden daga 1855. Jerin fasinjojin da suka tashi daga tashar jiragen ruwa ta Hamburg na 1850 zuwa 1934 yana nan, na Bremen akasari ya salwanta, mutanen kudu kuma da yawa ta Le Havre ta Faransa suka fita.

Sai naka ɓangaren. Yaron nan a can zai tashi, ka riƙa masa Hausa tun yana goye, ka sayi littafi mai ƙarfin bango ka rubuta namu sunayen kamar yadda suka rubuta nasu. Ran Juma'a zan je wurin Gwaggonka babba dan ita ta riƙe asalin gidan nan, zan ɗauki muryarta a waya in turo maka ta WhatsApp. Ka gaida tsohuwar da kyau, kace mata Baffanka ya gode.